Alƙalami da Tukunya: Ina 'Yancin Marubucin da Ya Ajiye Aiki?

Wani ɗan'uwanmu marubuci da ke zaune a Rigachikun ya ajiye aikin koyarwa bayan shekaru masu dama yana yi, ya ce daga yanzu alƙalami ne zai ci da shi. Ran da ya gaya mana, wasunmu suka yi masa murna, wasu suka yi shiru. Wani dattijo a cikinmu ya ce masa, "Malam, kada dai ka saki reshe ka kama ganye." Tun daga ranar muke ta juya maganar: shin wanda ya bar albashi domin rubutu 'yanci ya samu, ko kuwa ubangida ya canza?

Dalilinsa ba na banza ba ne. Kullum da sassafe sai ya bi titin Zariya ya shiga gari ta Kawo, ba ya dawowa sai magariba, a gajiye, ga littattafan yara na jiran maki. Labarin da ya fara rubutawa ya shekara uku a babi na huɗu. Duk wanda ya taɓa haɗa aikin ofis da rubutu ya san wannan ciwo.

To amma mu waiwayi magabata. Waɗanda suka yi nasara a gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ba da rubutu suke ci ba. Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauci sa'ad da ya yi Shaihu Umar. Ko da Imam ya bar aji ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, albashi ya bari ya koma wa albashi. Sai da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, sannan Bahaushe ya ga cewa littafi na iya cika tukunya. Nan take kuma aka laƙaba wa harkar sunan "Adabin Kasuwar Kano", wato dai ana zarginsu da bin son ran mai saye. Zargin ya yi tsauri, mun sani, amma tambayar da ke cikinsa ba ta mutu ba.

Makaɗa sun riga mu sanin wannan al'amari. Narambaɗa ubangida ɗaya ya riƙe, Sarkin Gobir na Isa, ci da sha da sutura duk a wuyan fada. Mamman Shata kuwa bai zauna ƙarƙashin kowa ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa. Muna yawan cewa Shata ne mai 'yanci. Abin da muke mantawa shi ne, 'yancin nasa bai zo daga rashin ubangida ba, ya zo ne daga yawan masu nemansa, har ta kai yana iya juya wa mutum baya bai kwana da yunwa ba. Sabon marubucin da ya ajiye aiki jiya ba shi da wannan. Mai albashi ubangidansa ɗaya ne, kuma sa'o'insa kawai ya saya; in ya dawo gida da dare, abin da ya rubuta nasa ne. Wanda ya dogara da alƙalami kuwa, kowane mai biya ubangida ne, kuma abin da ake saye a wurinsa shi ne rubutun kansa.

Ga kuma haƙƙin da ba mu cika faɗa ba a tarurrukanmu. Kasadar ba shi kaɗai ya ɗauke ta ba. Uwargidansa ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, amma ita za ta san yadda za a yi da cefane in mai shagon littattafai ya ce a dawo wata mai zuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin takarda da na ɗab'i suka yi sama, masu karatu da yawa kuma suka koma wayar hannu, inda littafi ɗaya ke yawo a WhatsApp hannu ɗari ba sisin kwabo. Mutum na da ikon sayar da jin daɗinsa saboda adabi. Na 'ya'yansa fa? A ganinmu, wanda bai zauna da iyalinsa sun yi lissafi tare ba, ya tanadi abin da zai riƙe gida na wasu watanni, bai yi jarumta ba, ya dai ci bashin da wasu za su biya. Wannan tanadi ba na ciki kaɗai ba ne. Shi ne zai ba shi bakin cewa a'a.

Wata biyar da ajiye aikinsa, ɗan'uwan namu ya sami kwangilarsa ta farko mai tsoka: wani mai hannu da shuni yana son a rubuta tarihin rayuwarsa. Kuɗin zai biya hayar shekara har da ragi. Sharaɗi ɗaya ne, akwai wasu shekaru da ake son a tsallake, akwai kuma wasu ayyukan alheri da ake son a ɗan ƙara musu gishiri. Ya san karin maganar nan ta wanda ya ci ladan kuturu, don shi da kansa ya faɗa mana ita yana dariyar yaƙe. Mun tambaye shi labarin nan nasa da ya maƙale a babi na huɗu, ya ce yana nan inda yake. An ba shi zuwa Juma'a ya ba da amsa, mai gidan haya kuma ya ba shi zuwa ƙarshen wata.