Baƙin mai ba ya kuka

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, babu babur ɗin da ke hutawa a Lajawa. Boxer ɗaya sai ta ɗauki buhun gero da mai buhun, ta dawo da wani da akuyarsa, tun safe har la'asar sakaliya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane mai babur ya san lissafin tankinsa har kwalba. Dole ya sani, domin fetur in ya ƙare babur tsayawa yake yi cak, a tura shi cikin rana.

Baƙin mai ba shi da wannan halin. Ko ya tsinke, ko ya cika da ƙurar hunturu, injin zai tashi, zai ja kaya. Shi ya sa ake ɗaga juye daga wannan kasuwa zuwa waccan, har ranar da salansa ta fara hayaƙi, bakanike ya ce sai an sauke injin an canja fistin da ringi.

Alhali aikin bai fi ƙarfin tsakar gida ba. A tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, a kashe, a kafe babur a miƙe, a tara kwano, a kwance notin ƙasan injin da sifana. Kada a yi gaggawar kawar da kwanon. In man ya huce, a murza shi tsakanin yatsu. Sabon mai yana da danƙo. Wanda ya gaji kuwa ruwa-ruwa ne, wani lokaci da tsakitsaki, in kuma aka ga ƙyalli a ciki to ƙarfen injin ne ya fara cin kansa. Sabon man da za a zuba kusan lita ɗaya ce kacal, galibi mai lamba 20W-50, amma ita ke wa fistin hidima, ita ke wa giya da kuloci, ita kuma ke taimaka wa iska wajen rage zafi, tunda injin ba shi da lagireto. Wurin mayar da noti a sassauta hannu, saboda jikin injin alminiyum ne, ƙarfi in ya yi yawa zaren ramin ke cinyewa.

Abin da ke damuna shi ne, yadda muke yi wa baƙin mai haka muke yi wa mutane. Mai bin bashi da ya iya sallama da ƙarfi a ƙofar gida, shi ake fara biya. Matar da ba ta taɓa cewa cefane bai isa ba, da tsohon da in an tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, da yaron shago mai buɗewa da asuba bai taɓa maganar ƙari ba, su ake bari sai an samu sarari. Haƙurinsu ya sa muka ɗauka ba sa gajiya. Suna gajiya, kawai dai ba za su tsaya a tsakiyar hanya su nuna mana ba, sai mun ware musu lokaci mun duba da kanmu.

Tsohon man da aka juye daga babur kuma kada a zubar kusa da rijiya ko a kwata, yana gurɓata ruwa ya kashe ƙasa. A ɗura a galan a kai wa bakanike, ko a ba masu shafa wa katakon rufi saboda gara.