Yaron Nan Mai Kwaikwayon Malam

Mai karatu, in dai ka zauna a aji, na san ka san shi, don kowane aji da nasa. Shi ne yaron nan da malam na juya baya zai miƙe ya ɗauki tafiyarsa, ya ɗauki tarinsa, har da yadda yake gyara tabarau. Aji ya tuntsire da dariya, malam ya waiwayo, kowa ya tsuke baki. Mu ma a namu ajin akwai shi, kuma wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne malamin lissafi, wani bawan Allah mai in'ina. Mun yi dariya har da hawaye. Ran da malamin ya kama shi dumu-dumu, bai dake shi ba. Tsayawa ya yi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tattara littattafansa ya fice. Har yau in na tuna kallon nan sai kunya ta rufe ni.

To, wai shin me ya kamata makaranta ta yi da irin wannan yaro? Abin da aka saba dai bulala ce, ko yankan ciyawa, a bi shi da sunan shashasha. Amma bulala ba ta cire baiwa. Idon da yake hango abin da ya wuce mu, da kunnen da yake kama karin harshen Basakkwace da na Bakatsine a zama ɗaya, Allah ne ya ba shi, kuma zai yi aiki da su ko an so ko an ƙi. Abin da ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa shi ne, kwaikwayo iri biyu ne. Akwai wanda za ka ɗauki raunin mutum ka ɗaga sama don a yi masa dariya. Wannan izgili ne, addini ya hana, al'ada ta ƙi. Akwai kuma wanda za ka shiga rigar mutum, ka tambayi kanka, wannan malami mai in'ina yaya gabansa yake faɗuwa kullum safiya in zai tsaya gaban yara hamsin? Wanda ya iya na farko shi ne zai iya na biyu. Sai dai na farkon yaro yana tsintarsa da kansa, na biyun kuwa sai an koya masa.

Nan ne aikin malamin wasan kwaikwayo yake. Zai miƙa wa yaron takarda ya ce ya haddace, ya sa shi ya maimaita fitowa ɗaya sau goma, ya hana shi magana sai abokin wasansa ya kai aya. Mai baiwa ciwonsa ɗaya ne, son a gan shi, kuma ban san maganin da ya kai a ba shi ƙaramin matsayi a ce ya tsaya shiru a gefen dandali yana sauraro ba. Wata rana a ba shi matsayin mutumin da ya saba yi wa ba'a, a ce masa yau ba dariya muke so ba, so muke 'yan kallo su ji tausayinsa. Ranar zai san cewa abin da ke hannunsa wuƙa ce.

Kada wani ya ce maka baƙon abu ne. Yaranmu suna tashe duk watan azumi tun kafin zuwan boko. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, don 'yan makaranta aka yi shi. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni yana caccakar zalunci da su. Yazi Dogo da Nijar ke tinƙaho da shi malamin makaranta ne. Yanzu fa? Ana karanta Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu a zaune a kan benci don cin jarrabawa, ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa ganin an miƙe an yi ko fitowa ɗaya ba.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ban raina tsoronsu ba. Uba ya ji labaran lokeshan, ba ya son a kira ɗansa ɗan dirama, balle 'yarsa. Amma rufe kulob ɗin makaranta bai rufe ƙofar ba. Yaron zai ari waya ya hau TikTok, inda malaminsa shi ne yawan masu kallo, kuma a can izgili ne yake kawo kasuwa. Ko ka manta Turmin Danya, fim ɗin da aka fara da shi a Kano a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi? Mutane ne da suka goge a dandali kafin su ga kyamara. Yau muna kukan finafinan da makaho da kurma da baƙauye ba su da aiki sai zama abin dariya. Ai yaron bayan aji ne ya girma ya samu kyamara.

Gaskiya ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fannin tun shekarun 1970, Jami'ar Jos ma tana koyar da shi. Amma yara nawa ne suke kaiwa can, kuma da wane hali suke isa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ake buƙata a sakandare bai taka kara ya karya ba: malami ɗaya mai sha'awa, yamma ɗaya a mako, a ture tebura gefe, ranar wasa a gayyaci iyaye su gani da idonsu. Makarantar 'yan mata ta yi nata ita kaɗai, wata ta sa rawani ta fito a maigida.

Shi abokin namu a aji huɗu aka kore shi. Ganina da shi na ƙarshe a wata tasha ne, yana kwaikwayon tafiyar wani gurgu da ke bara a bakin ƙofa, 'yan kamasho na ta jefa masa canji. Wallahi har yanzu ya iya. Sai da na yi dariya kafin in kama kaina.