Sarautar da ba ta daɗe ba, wa ke yi mata shari'a?

A Adar ba a manta da Agabba ba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci ƙasar da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarauta a Illela har yau. Sunan Muhammadu Jilani kuwa, daga Bangi har Keita, sai an tona kafin a ji shi. Alhali shi ma ya taɓa zama mai faɗa a ji a wannan ƙasa.

Wajen 1809 ne wannan malami na Attawari ya ɗaga tutar jihadi. Ya karya manyan mayaƙan Abzinawa da suka saba ɗaukar malamai a matsayin mabiya, ikonsa ya kai daga Azawak zuwa Adar, har Muhammadu Bello ya rubuto masa shawara ya zaunar da makiyaya a garuruwa. Wajen 1816 Ibra na Tamesgidda da Kel Geres suka fi ƙarfinsa, ya nemi mafaka a Sakkwato.

To, da Agabba da Jilani duk da takobi suka shigo. Me ya sa muke kiran aikin ɗaya kafa sarauta, na ɗayan kuma tarzomar da ta zo ta wuce? Wani zai ce daɗewa kanta shaida ce, don ba a mulkin mutane ƙarni uku sai da wani abu na yardarsu. Akwai gaskiya a nan, amma ba duka ba. Daɗewa tana samar da jikoki, jikoki kuma su ke ɗaukar nauyin maroƙa da marubuta.

Tarihin ƙasar Sin ya nuna wannan ƙarara. Tsakanin 304 da 439 arewacin ƙasar ya tsattsage zuwa ƙananan dauloli da ake kira Masarautu Goma Sha Shida. Ɗaya daga cikinsu, Liang ta Yamma, Li Gao ne ya kafa ta a Dunhuang a 400. Ta ga sarakuna uku kacal, shi da ƴaƴansa biyu, ta faɗi a 421. Da aka harhaɗa tarihin wancan zamani a 648, an tura mafi yawan waɗannan sarakuna wani sashe na daban a ƙarshen littafi, inda ake ajiye waɗanda ba a yarda da halaccin mulkinsu ba. Li Gao ya tsira daga wannan sashe, aka rubuta tarihinsa da girmamawa, domin sarakunan Tang da suka sa a yi littafin suna cewa shi ne kakansu.

Jilani bai bar jikan da ya hau irin wannan gado ba. Malamin makarantar da zai ba da labarinsa ya tuna cewa da yawa daga abin da ya iso mana ya biyo ne ta bakin gidajen da ya ƙasƙantar, ko waɗanda suka kore shi.