HALAL NE CIN TA, AMMA HALAL NE A ƘARAR DA ITA?



A kogin Binuwai da na Kwara akwai wata halitta mai faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya mai ƙayar dafi. Masunta suna ce mata kunamar ruwa. A 1962 masana suka tabbatar jinsi ce mai zaman kanta, suka sa mata suna da garin Garwa na Kamaru. Tana da 'yar uwa mai ƙayoyi a baya a kogunan yankin Kalaba. Hukumar IUCN ta sa su duka biyun cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke yi, 'ya'yan kuma kaɗan ne. Idan kamu ya yi yawa, ba sa iya mayar da gurbi.

To, wani zai ce: Malam, ai Allah Ya halatta mana abin da ke cikin ruwa. Haka ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta nuna hakan. Amma fa halatta cin abu daban, izinin shafe zuriyarsa daga bayan ƙasa daban.

Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi al'ummu ne kamar mu. A Bukhari da Muslim kuma, Allah Ya zargi wani Annabi da ya ƙone gidan tururuwa saboda ɗaya ta cije shi, domin ya halaka al'ummar da ke tasbihi. Gida ɗaya kenan, ina ga jinsi sukutum?

Wani kuma zai ce: idan wannan ta ƙare ai akwai mai kama da ita. Ni ban yarda ba. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma akwai wasu danginsu biyu da aka daɗe ana ɗauka abu ɗaya ne, sai a 1984 aka bambance su. Idonmu ne ya kasa, Mahaliccinsu bai taɓa haɗa su ba. Kama da wane ba ta wane.

Ba na ɗora laifin a kan masunci mai neman abincin iyalinsa shi kaɗai. Hukuma da sarakunan ruwa su ma za a tambaye su. Amma ɗan uwa, in ta faɗo komarka da rai, musamman ƙarama ko mai ciki, ka sake ta don Allah. Amana ce, kuma ranar hisabi tana nan.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.