Haƙurin Mai Shuka da Haƙƙin Iyalinsa

Cikin halayen da Bahaushe ke yabo, da wuya a sami wanda ya kai haƙuri yawan ambato. In an yi rasuwa, a ce sai haƙuri. In gobara ta cinye rumbu, a ce sai haƙuri. In za a kai amarya ɗakin miji, babban guzurin da gwaggonninta ke ɗaura mata shi ne haƙuri. Har masanin nan Kirk-Greene, a cikin laccarsa ta Mutumin Kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa haƙuri tare da gaskiya da amana da kunya a matsayin ginshiƙan kirki a wurin Hausawa. To amma yawan ambaton abu ba ya nuna an fahimce shi. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan mutum ya ɗaura niyyar yin haƙuri saboda abin da ya gaskata, wane ne ke biyan kuɗin wannan haƙuri? Shi kaɗai ne, ko kuwa har da matarsa da 'ya'yansa waɗanda ba a shawarce su ba?

Na zaɓi in duba wannan tambaya ta kan Hausawa Kirista da masu bishara da ke kafa ƙananan ikilisiyoyi a ƙauyuka, domin kuwa an fi gane nauyin kaya a kan wanda ya ɗauka shi kaɗai. Garinmu Utai, a ƙasar Wudil, gari ne na Musulmi manoma. Amma wanda ya gangara kudu zuwa ƙasar Sumaila zai tarar da Hausawa waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, yau kuwa suna zuwa majami'a ran Lahadi, suna addu'a da Hausa, suna noma dawa da gero irin namu, kuma ran Juma'a tare ake cin kasuwar shanu ta Wudil da su. Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin addinai, wannan fage ne na malamansa. Nufina shi ne mu auna hali.

Bari mu fara da tarihi. Wajen shekarar 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa, wadda ba ta da nisa da Wudil, saboda saɓani da masarauta a kan haraji, suka nufi duwatsun Ningi. Bayan wannan, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, aka yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasunsu suka fake a ƙasar Ningi. Suka zauna suna riƙe da koyarwarsa, suna gadar wa 'ya'yansu, har shekara fiye da 40.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyarsu ta SIM ba ta sami wurin zama ba sai a 1902 a Fategi. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya koma ya zauna a birnin Zariya yana magani, yana koyar da yara, yana fassara. A 1913 zuriyar Isawa suka neme shi, aka kafa musu ƙauye a Gimi ta ƙasar Zazzau, inda Rabaran Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, ya zauna tare da su. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi. Sai a 1929 mishan ya koma Wusasa, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932, wato shekara 32 bayan sallamar da aka yi musu a Kano. Daga wannan ƙaramar unguwa ta Wusasa aka sami Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Mai karatu zai ce, ai ga shi nan, mahaƙurci mawadaci. To amma kada mu yi gaggawa, domin waɗanda aka binne a Gimi ba su ga Wusasa ba. Kafin mu yaba, ya kamata mu tantance irin haƙurin da muke magana a kai, don a ganina iri uku ne.

Na farko shi ne haƙurin jaki. Hausawa na cewa haƙurin kaya sai jaki. Jaki bai zaɓi kayan ba, bai san inda za a kai su ba, ba shi kuma da ikon saukewa. Wannan dole ce kawai aka sa mata suna mai daɗi, kuma ba a yabon mutum a kan abin da bai zaɓa ba, sai dai a tausaya masa.

Na biyu shi ne haƙurin kyanwa a bakin ramin ɓera. Tana zaune shiru, ba motsi, amma shirunta kwanto ne. Wannan shi ne zargin da Musulmi da yawa suka daɗe suna yi wa aikin mishan, cewa asibiti da makaranta tarko ne. Ba zargi ne da za a share da hannu ɗaya ba, domin Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan shiga masarautun Musulmi, kuma ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ta jinyar kutare ce, irin ta Yadakunya, kafin asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Mara lafiya ba ya cikin halin yin gardama da mai ba shi magani. Ma'aunin da za a raba gaskiya da kwanto a nan ɗaya ne: shin alherin yana ci gaba bayan an ce a'a? Idan wanda aka yi wa aikin ido ya koma masallacinsa, kuma baɗi ya dawo aka karɓe shi da fuska ɗaya, to wannan alheri ne. Idan kuwa fuska ta canza, ashe ciniki ake yi tun farko. Wannan ma'auni bai tsaya kan Kirista kaɗai ba, ya hau kan duk mai wa'azi da ke shiga ƙauyen Maguzawa da buhun hatsi, ko daga wane addini ya fito.

Na uku shi ne haƙurin manomi, kuma shi ne kaɗai ya cancanci sunan. Manomin Utai yana shuka da ruwan farko, ya yi noma, ya yi maimai, alhali ya san ruwa ba a hannunsa yake ba. Ba ya tone iri ya duba ko ya tsira, ba ya jan kan dawa don ta yi sauri. Yana aikinsa, ya bar wa Allah nasa. Wanda ya yarda cewa shiriya ta Allah ce, ba shi da dalilin tilasta wa kowa ko yaudarar kowa. Saboda haka gaggawa a sha'anin addini alama ce ta raunin bangaskiya, ko da ta zo da babbar murya. Abin da ya faru a Kano a watan Oktoba na 1991, lokacin da shirin taron wa'azin Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya zama sanadin tarzomar da ta ci rayuka, ya isa darasi. Babu abin da zai halatta zubar da jinin da aka yi, kuma waɗanda suka fi shan wuya talakawa ne na ɓangarorin biyu, waɗanda suka shekara da shekaru suna zaman lafiya da juna.

Yanzu sai mu dawo ga iyali. A ɗauki misali da mai bishara da ikilisiyarsa ta tura wani ƙauye. Ya sami ɗaki na aro, ran Lahadi shi da matarsa da 'ya'yansa da mutum biyu ko uku ne ke sujada a ƙarƙashin rumfa. Baikon da ake tarawa bai isa sayen man fitila ba, sai ya haɗa da noma. Shi yana da abin da ke ƙarfafa shi, domin ya gaskata kiransa aka yi. Matar fa? Ita ce ke zuwa rijiya ta ji maganganu, ita ce ke haihuwa nesa da uwarta, ita ce ke auna tsabar da ta rage a kwano. Yaran su ne ke fita dandali a ƙi wasa da su. Ran da aka gina majami'a ta bulo kuwa, sunan maigida za a ambata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ashe yana yiwuwa a gida ɗaya miji ya yi haƙurin manomi, matarsa kuwa ta yi haƙurin jaki.

Wani zai ce, in haka ne kada kowa ya ɗauki wahala saboda aƙida sai in ba shi da iyali. Wannan magana ba za ta tsaya ba. Malamin tsangaya da ke tafiya ci-rani da iyalinsa, da malamin makaranta da aka tura ƙauye mara asibiti, duk suna jawo wa na gida wahala, kuma da an hana irin wannan da ilimi bai kai ko'ina ba. Babu yaron da ya zaɓi gidan da za a haife shi, ko harshen da zai fara ji. Don haka laifin ba ya cikin raba wahala da iyali, yana cikin yadda aka raba ta. A ganina akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya, shawara: matar da aka nemi yardarta da gaske, har tana da ikon cewa a'a, ta tashi daga mai ɗaukar kaya ta zama abokiyar shuka. Na biyu, maigida ya ɗauki kaso mafi nauyi, kada ya ci ya ƙoshi a taron fastoci a birni alhali gida ana kwana da kunu. Na uku, akwai abin da ba nasa ba ne balle ya sadaukar, wato lafiyar yaro da karatunsa, da 'yancinsa na tsayawa a kan abin da zuciyarsa ta gaskata in ya girma. Wanda ke roƙon mutanen gari su bar 'ya'yansu su saurare shi, wajibi ne ya shirya wa ranar da nasa ɗan zai saurari ladan.

Wannan ya kawo mu ga haƙurin da ba a cika ambata ba, wato na gidan da ɗansu ya bar addinin iyaye. Uban da ya wayi gari ɗansa ya bi wata hanya yana jin zafi na gaske, ko Bamaguje ne, ko Musulmi, ko Kirista, domin a ganinsa ɗan ya yi hasarar duniya da lahira. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da na canzawa, amma doka ba ta iya sa uwa ta zuba wa ɗanta tuwo. Zumunci ne kaɗai ke iya wannan. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya kori ɗansa ya rufe ƙofar da ɗan zai bi ya dawo, ya kuma nuna cewa ƙaunarsa tana da farashi, daidai da kyanwar da muka zarga ɗazu. Haka shi ma wanda ya canza, in ya daina gaida iyayensa, ya ƙi zuwa suna da jana'iza, ya raina gidan da ya yi masa tarbiyya, to ya zubar da hujjarsa da hannunsa, domin duka addinan biyu sun yi umarni da girmama iyaye.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, abin da nake so mu riƙe shi ne, ba a auna haƙuri da yawan shekarun da aka yi ana jira, ko da girman ginin da aka samu a ƙarshe. Musulmi da Kirista duk suna buga misali da Annabi Ayuba, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne halin da ya riƙe tun ba a san yadda ƙarshen zai kasance ba. Gobe wasunmu za su zama malamai, wasu alƙalai, wasu masu wa'azi, kusan dukanmu kuma masu gida. Duk wanda ya tashi dafa dutse don ya sha romo, to ya waiwaya ya dubi wadda ke hura masa wutar, ya tambaye ta ko ta yarda, ya kuma tabbata ba ita kaɗai hayaƙin ke shiga wa ido ba. Allah ya ba mu haƙuri irin na mai shuka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.