Cinikin biri a sama: wace na'urar gem ta cancanci guminka?

Jama'a, musun majalisa ya sauya salo. A da, in samari su ka zauna a Ƙofar Galadima bayan sallar isha'i, gardamar ba ta wuce wane jarumi ya fi wane, ko Arsenal da Manchester. Yanzu kuwa an samu ƙari. Wannan ya ce PlayStation 5 zai saya, wancan ya ce Nintendo Switch 2 ce ta dace da wutar lantarkin Zariya, na uku ya ce shi kam zai daure sai Sony ta fito da magajiyar PS5, ko da shekara nawa za a yi.

Wani zai ce me ya kawo zancen gem cikin mujallar fim da littafi? To, ai an daɗe da zama dangi. A 2023 tashar HBO ta mayar da gem ɗin The Last of Us fim mai dogon zango, a shekarar kuma fim ɗin Super Mario ya tara sama da dala biliyan ɗaya a sinimomin duniya. Labari ne dai a kan allo, sai dai a gem an miƙa maka linzamin jarumin. Tambayata a nan ba wace na'ura ce ta fi ƙarfi ba. Tambayar ita ce: ya dace mutum ya ɗaure zuciyarsa da guminsa ga abin da bai iso ba tukuna? In kuma ya saya, don wa ya saya?

Bari mu fara da lissafi. PS5 ta fito a Nuwamba 2020 a kan dala 499, mai faifai. PS5 Pro ta biyo baya a Nuwamba 2024 a kan dala 700. Switch 2 ta fito ran 5 ga Yuni, 2025, a kan dala 450. In ka yi canji a kan naira 1,500, wanda a nan dala ta yi ta yawo a 2024 da 2025, Switch 2 kaɗai ta tasam ma naira 675,000, ba a yi maganar kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a Yuli 2024 kuwa naira 70,000 ne. Wato albashin wata tara da ɗoriya, ba ci ba sha. Abin da ya kai wannan tsadar ya wuce wasan yara, dole a yi masa tunanin manya.

Matsala ta farko ita ce talla. Mu 'yan kallo mun fi kowa sanin wannan ciwon. Sau nawa a zamanin kaset mu ka ga tallar fim da waƙa mai ratsa jiki, mu ka yi ta jira, da fim ɗin ya fito sai mu ka tarar waƙar ce kaɗai abin kallo? Masu gem ma haka su ke sha. A Disamba 2020 Cyberpunk 2077 ya fito bayan shekaru ana zuzuta shi, amma ya zo da tangarɗa har sai da Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Grand Theft Auto VI, wanda saboda shi wasu su ka ƙwallafa rai a kan PS5, an nuna tallarsa ta farko a Disamba 2023 da alƙawarin 2025, aka ɗage zuwa Mayu 2026, aka sake ɗagewa zuwa Nuwamba 2026. Ita kanta na'urar ta na iya mutuwa a hannunka: Sega ta daina ƙera Dreamcast a 2001, ba ta cika shekara uku a kasuwa ba, kamar yadda Toshiba ta watsar da HD DVD a 2008 ta bar waɗanda su ka yi gaggawa da tarin faifai. Wannan shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Amma a yi adalci. Ɗokin abin da ke tafe ba laifi ba ne. Wanda ya taɓa jiran kashi na biyu na littafin da aka katse shi a daidai wurin daɗi, ko finafinan Sallah, ya san jiran ma da nasa garɗin. Kuma tsohuwar shawarar nan ta "ka bari ta yi araha" ba kullum ta ke ci ba: a 2025 Sony da Microsoft duk sun ƙara farashin na'urorinsu a Amurka, shekara biyar bayan fitowarsu. Don haka ba cewa na ke yi kowa ya zauna jira har abada ba. Bambancin da na ke so mu lura da shi shi ne tsakanin wanda ke ɗoki ya na sane da aljihunsa, da wanda ɗoki ya sa ya raina abin da ke hannunsa. Kamfanonin nan da na biyun su ke cin abinci. Aikin talla shi ne ta sa na'urar da ta faranta maka rai jiya ta zama abin kunya yau, alhali babu abin da ya lalace a jikinta.

Matsala ta biyu ita ce mallaka. A zamanin kaset, in ka sayi Sangaya, naka ne. Ka kalla, ka ara wa maƙwabta, ya zagaya gida biyar ya dawo. Yau fa? PS5 Pro ta zo babu wurin sa faifai, sai dai ka saya daban. Gem ɗin da ka sauke ta intanet ba ka iya ara shi kamar faifai, ba ka iya kai shi Sabon Gari ka yi musaya ranar da ka shiga matsi. A Maris 2024 Ubisoft ta rufe hanyar gem ɗin The Crew, waɗanda su ka biya kuɗinsu su ka wayi gari ba sa iya bugawa. Ka ga ke nan haya ce aka yi mata suna saye. A garin da data ke da tsada, wuta kuma sai ta ga dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu kuma al'adarmu ta aro da musaya ce. Abin da ba ya aruwa, rabin amfaninsa ya tafi.

Ta ukun ita ce mafi nauyi a wurina: don wa? A gidajen cikin birni, inda wa da ƙane da 'ya'yan baffa ke kewaya tsakar gida ɗaya, babu na'urar da za ta zama ta mutum ɗaya. Ranar da ta shigo, yara goma sun ji labari kafin a kwance kwalinta. In ka kulle ɗaki ka na bugawa kai kaɗai, ka sayi gaba da kuɗinka. In ka buɗe ƙofa, to haƙƙi ya hau kanka, domin jerin Grand Theft Auto na 'yan shekara 18 zuwa sama ne a ma'aunin Turai, kuma ƙanenka mai shekara tara ya na bayanka ya na kallo. Mu da mu ke ta ƙorafin tarbiyya a kan rawa da waƙa a fim, bai kamata mu yi shiru a nan ba.

Sannan akwai mai shagon gem, wanda a wurinsa na'ura jari ce. Abin da yaran unguwa ke biya su buga dai ƙwallo ce, tun daga zamanin PS2, wadda aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya. EA Sports FC 26 na 2025 ma ya fito a kan PS4, na'urar 2013. Shi kam PS4 biyu na hannu da fad huɗu masu lafiya sun fi masa sabuwa guda da za ta cinye jarin baki ɗaya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

To, mai karatu, ga matsayata. Kada ka biya kuɗin abin da ba a gani a hannun mutane ba. Gani ya kori ji, ka bar masu gaggawa su ɗanɗana maka. Kada ka zaɓi na'ura don sunanta, ka zaɓe ta don gem biyu ko uku da su ka riga su ka fito, waɗanda ka san da wa za ka buga su. Kuma kafin ka ƙirga kuɗin, ka tambayi kanka ko akwai wanda ya fi Sony ko Nintendo haƙƙi a kansu: kuɗin makarantar ƙane, maganin tsohuwa, bashin da ka ce sai ƙarshen wata. In babu, halalinka ne, ka saya, ka ƙara da fad na biyu. In akwai, to kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wata na'urar na nan tafe bayan wannan, ba ta ƙarewa.

Allah ya ba mu wadatar zuci, amin.