Bashin da Ke Kan Mai Riƙe da Lambar Soja

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja, in ya kai wajejen Kuchigoro, to, yana dab da Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa. Motoci na wucewa a guje, ba kowa ke waiwaye ba. A can aka binne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a 2016, da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru bayan haɗarin jirgin sama na Kaduna a 2021, da sojoji 17 da aka kashe a Okuama a 2024. Waɗannan an san sunayensu, an san danginsu. A cikin harabar kuma akwai wurin tunawa da 'yan Nijeriya da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda da yawansu ba wanda ya san inda ƙasusuwansu suke.

Abin da ya rage na irin waɗannan mazaje, da na abokansu da suka komo da rai, sau da yawa bai wuce ɗan ƙarfe mai ƙyalle ba. Wata lambar yabon tana ƙasan akwatin kaka a ƙauye, wata kuwa ta kai gidan gwanjo a Ingila, inda masu sha'awar tara kayan yaƙi ke taya ta. Tambayar ita ce: wanda lambar ta shiga hannunsa, ko ta gado ko ta ciniki, ƙarfen kaɗai ya mallaka, ko kuwa ya ɗauki bashin mutumin da ya rataya ta?

Ita kanta lambar an yi ta ne domin ta nuna wani. Lambobin Yaƙin Duniya na Farko da Ingila ta bayar suna ɗauke da lambar aikin soja, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa. Tun daga 1916 kuma sojan Ingila yakan rataya faifan shaida biyu a wuya, ja da kore. In ya faɗi, sai a cire jan a kai wa magatakarda, a bar koren tare da gawa domin masu binnewa su san ko wane ne. Dabarar duka domin abu ɗaya ce: kada mutum ya ɓace. Wanda ya ajiye faifan bai damu da mai shi ba, ya riƙe kube ne ya yar da wuƙa.

Sai dai neman mutumin ba ƙaramin aiki ba ne. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu, har da Tauraron Bama da aka ba sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, galibi ba suna aka bayar da su. Inda ma aka rubuta suna, sau da yawa magatakardan bariki sunan yanka da na gari kawai suka haɗa, irin su Musa Kano ko Garba Sakkwato, ba sunan uba. Da yake Hausa ce harshen bariki, Batibi da Batangale da Babachame da mutumin Zuru sukan shiga littafi da sunan da iyayensu ba su raɗa musu ba. Saboda haka takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da bakin tsofaffi.

In aka dage kuwa, abin da ake samu yakan fi ƙarfin ƙarfen. Samanja Chari Maigumeri ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, har suka ba shi lambarsu ta Gicciyen Ƙarfe. Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunarsu a 1917, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya sami lambobinsu na jarumtaka, ya bar aiki a 1953. Barikin Lokoja na ɗauke da sunansa. Ƙirji ɗaya, lambobin sarakuna biyu masu gaba da juna. Wanda ya ga lambobin kawai zai ce jarumi ne, ya wuce. Wanda ya bi labarin zai tsaya ya yi tunani a kan talakan da manya ke miƙa wa juna kamar sanda.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, kuma maganarsu tana da nauyi. Ba kowace lamba ce abin alfahari ba. Akwai wadda Ingila ta bayar saboda cin Kano da Sakkwato a 1903, da wadda ta bayar saboda Satiru da Haɗeja a 1906, inda aka zubar da jinin jama'a mai yawa. Hannun da ya ja kunamar bindiga kuwa sau da yawa na ɗan ƙasa ne. Jikan da ya bi sawun irin wannan lamba yana iya tarar da abin da bai so ba. Amma rufe ido ba ya wanke kakan, ba ya kuma yi wa waɗanda aka kashe adalci. Littafin Sama'ila na Biyu, sura 23, ya jera jarumawan Dawuda 37, ya rufe da Uriya Bahitte, mutumin da sarkin da kansa ya ci amanarsa. Marubucin bai goge sunan domin ya rufa wa fada asiri ba.

Rashin rubuta suna ma hukunci ne da wani ya yanke. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, ko ma ba a tuna da su sam ba, har gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara. Wanda ya tono suna ɗaya, ya rage wannan zalunci da mutum ɗaya.

Don haka mai tara lambobi ba abin zargi ba ne saboda tarawarsa, gama da yawa da tuni an narkar da su ba domin shi ba. Amma shi ma'aji ne, ba mai kaya ba. Bashinsa uku ne: ya nemi sunan, ya faɗi labarin yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa, in kuma dangi suka bayyana ya saurare su kafin ya saurari mai taya. Bashin iyali ya fi haka gaggawa, domin 'yan mazan jiya na Bama sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun tsufa. Kafin 15 ga Janairu mai zuwa, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ya kamata gidan da ke da irin wannan ajiya ya buɗe akwati, ya duba gefen lambar da bayanta, ya zauna gaban tsohuwar da ta san mai ita, ya rubuta sunansa na gaskiya, da na ubansa, da na ƙauyensa, ya ajiye takardar tare da ƙarfen.